Ɓarawon Baba Tanko

Ko zan manta da komai na zamana a Kura, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na durƙusa a bakin kanal ɗin ruwan noman rani ina ba da haƙuri kan satar ruwa ba, ni da ko kwamin albasa ban mallaka ba. Kuma ba komai ya ja min ba sai zargi. Ni mutum ne mai zargi, wannan ba na musu. Matata takan ce ko gaishe ni aka yi da fara'a sai na wuni ina tunanin abin da ake nema a wajena. (Har gobe ina ganin akwai dalilin da ya sa take yawan faɗar haka, amma mu bar wannan.)

A lokacin ban daɗe da dawowa daga cikin birni ba, ina aiki a sito, wajen ajiyar kaya. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan ruwa tana da wata kujera a kwamiti, ta wakilin tsofaffin ma'aikata da 'yan fansho, kuma tsari ya ce wanda yake kan aiki ne zai riƙe ta. Ba mai son ta, don aikinta bai wuce dubiya da jana'iza da sauraron ƙorafi ba. Ni kuwa da na ji za a riƙa ce min Kwamared Wakili, sai na ɗaga hannu tun kafin a gama tambaya. Haka na zama bakin mutanen da ko sunayensu ban gama sani ba.

Ciyaman ɗinmu ya daɗe yana so a soke kujerar. A ganinsa wanda ya ajiye aiki ya ajiye baki, ya koma gida ya yi wasa da jikoki. Har ya sa maganar cikin abin da za a kaɗa wa ƙuri'a a babban taro. Idan kujerar ta tafi, tsofaffin nan ba su da sauran mai kai kukansu gaba, na asibiti ne ko na fansho. Ni ma, ba sai na faɗa ba, Kwamared ɗina zai bi ruwa.

Ana cikin haka manoman ƙarshen kanal, ta wajen Bunkure, suka fara kukan ruwa ba ya isa gonakinsu. Tumatir na yaushi, ana ta raɗe-raɗin wasu na taɓa ƙofofin ruwa a ɓoye suna karkatar da shi. Ranar nan a ofis Ciyaman ya dube ni ya ce, "Wakili, wa ya san ƙofofin nan kamar waɗanda suka tsufa suna buɗe su?" Ya wuce abinsa. Ai kuwa ya gama da ni, don irin wannan maganar ita ce abincina.

Daga ranar na sa musu ido. Suna da wata darbejiya kusa da masallacin ofis inda suke taruwa, kuma na lura da na doso sai hira ta mutu, kowa ya hau jan carbi. Babbansu Malam Inuwa ne, tsohon direba, mutum mai fara'ar da ban taɓa yarda da ita ba. Wata rana na tsinci maganarsu, ɗaya na cewa, "Gobe ni ne da shi, jibi kai." Na ce, "Malam, me ake rabawa haka ba a sa da ni ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Harkar tsofaffi ce, Wakili, kada ka wahalar da kanka." Bayan kwana biyu na gan shi a shago yana sayen man giris. Me ɗan fansho zai yi da giris, mutumin da babur ɗinsa ma na aro ne? Abin da ya ƙarasa ni shi ne wata safiya da na hango shi ya goyo wani tsoho, sun saki titi sun bi wata 'yar hanya da ke zuwa wata ƙaramar ƙofar ruwa, da wani dogon ƙarfe naɗe a buhu. Ni da nake sito ai na san makullin ƙofa ko a buhu yake.

Na haɗa wannan da wancan na ga komai ya fito fili. Na ce wa kaina zan ɗauke su a waya ne don in ja musu kunne tun kafin Ciyaman ya gano, in ceci kujerarsu. (Gaskiyar kuma ita ce, in abu ya ɓaci ina so in sami abin nunawa cewa ba da ni aka yi ba.) Tunanin in je in zauna in tambaye su da kyau ko sau ɗaya bai zo min ba. A wajena mai tambaya shi ake yi wa ƙarya.

Sai na shirya dabara irin ta mai wayo. Na zaɓi ranar kasuwar Bunkure, don hanya za ta cika in saje da mutane. Na ari malafa da fartanya a wajen maƙwabcina, na sa wata tsohuwar riga, na duba madubi na ga cikakken manomi. Abin da ban sani ba, ni ɗan ofis, shi ne duk yankin nan babu wanda yake laɓewa a gaɓar kanal da sassafe da fartanya a hannu sai mutum iri ɗaya, wato mai fasa gaɓa ya ja ruwa zuwa gonarsa. Ashe kayan aikin ɓarawo na sa tun daga gida, har da gyara zaman malafa.

Na riga su zuwa, na tsuguna cikin ciyawa a kan gaɓa. Can sai ga su, Malam Inuwa da tsohon nan. A nan na gane shi, Baba Tanko ne, wanda aka ce ya yi duk ƙuruciyarsa yana gadin ƙofar ruwa. Yana sanye da tsohon kakinsa, ya koɗe amma ya sha guga. Malam Inuwa ya shafa wa ƙofar giris, ya miƙa masa makulli, Baba ya yi bisimilla ya fara murɗawa. Na danna waya na fara ɗauka, ina ce wa kaina yau dai asiri ya tonu. Na kasa kunne in ji rugugin ruwa, shiru.

"Ya taho, Baba," in ji Malam Inuwa.

"A hankali dai," in ji Baba, "kada ya ci gaɓa."

Na ce to wane irin ruwa ne wannan mara ƙara? Na dogara da fartanya na miƙa wuya in leƙa. Abin da na gani cikin kanal ɗin yashi ne da tumfafiya, ta girma har ta yi fure. Ashe tun da aka gina sabuwar ƙofa aka sauya wa ruwa hanya, nan ko ɗigo ba ya bi. Ina cikin mamaki bakin fartanya ya nutse, gaɓar ta zabtare da ni, na gangaro gabansu da ƙasa da malafa da komai.

"Kai! Ɓarawo! Na kama ka!"

Wallahi ban san tsoho yana da irin wannan ƙarfin ba. Ya cafki wuyan rigata da hannu ɗaya, ya fizge fartanyar da ɗayan, yana ta kwarara ihu. Ga shi ranar kasuwa, ranar da ni da kaina na zaɓa. Nan da nan masu babura da kwandunan tumatir suka tsaya a kan hanya, mata masu tallar nono suka sauke ƙore, wasu har da fito da waya. Daga inda suke ciyawa ta kare musu cikin kanal, abin da suke gani kawai gaɓa a fashe da mutum a hannun mai gadi. Na ture malafar na ce, "Baba, ni ne fa, wakilinku!" Ya ce, "Wakilin ɓarayi ko? Ai na ga alama."

Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni. Na buɗe baki zan ce wa jama'a su sauko su gani, babu ruwa a nan, tsohon nan ba shi da hankali. Kafin in furta Malam Inuwa ya damƙi hannuna kamar mai taya kamu, ya sa baki a kunnena.

"Kada ka kuskura, ɗan nan. Tun da mai ɗakinsa ta rasu tunaninsa ya koma zamanin aiki. Kullum da safe sai ya sa kaki ya ce zai buɗe ƙofa. Ya taɓa nufar babban kanal, da ƙyar aka riƙo shi. Shi ya sa muke kawo shi nan bi da bi. Kana so gobe yara su riƙa bin sa suna ce masa mahaukaci?"

Na ce cikin raɗa, "To ni yanzu ya zan yi?"

Ya ce, "Ɓarawo ya yake yi? Durƙusa."

Haka na durƙusa, jama'a. Ni Kwamared, gwiwa biyu a ƙasa, na ce, "Baba, na tuba, a yi min haƙuri." Ya ce sai na gyara abin da na ɓata, kamar yadda yake sa ɓarayi a da. Na riƙa kwasar ƙasa da hannu ina mayarwa gaɓa, shi kuwa yana tsaye a kaina yana yi min faɗa. "Ba ka san na ƙarshen kanal shi ma yana da iyali ba? Kai ka sha, shi ya sha me?" Wata mai nono ta ce, "Ka gan shi da ƙiba kamar mutumin kirki." Wannan maganar ta fi min komai ciwo. Da na gama Baba ya duba aikin, ya taka da ƙafa, ya ce, "Je ka, kada ka ƙara." Fartanya kuwa ya ce ta zama ta hukuma.

Kafin in isa Kura labari ya riga ni. Ranar babban taro Ciyaman ya tashi da fara'arsa ya ce ga irin abin da kujerar tsofaffi take haifarwa, wakilinsu da kansa an kama shi yana fasa gaɓa. Aka ce in tashi in kare kaina. Wayata na aljihu, da hoton busasshen kanal da Baba yana murɗa ƙofa, abin da zai wanke ni tas cikin ƙiftawar ido. Zan so in ce kirki ne ya hana ni fito da ita, amma gaskiya ido na haɗa da Malam Inuwa a bencin baya, sai na bar ta a aljihu. Na ce, "Ba ni da abin faɗa," na zauna ina zufa.

Sai wani daga cikin masu aikin kanal ya miƙe ya ce, "Ciyaman, ban gane ba. Mu da muke kan aiki mun kasa kama ɓarawo, tsofaffi sun kama mana shi, kuma su za a kora daga kwamiti?" Wuri ya ɗauki hayaniya. Da aka zo ƙuri'a kujera ta tsira, har aka gyara tsari aka ce daga yau ɗan fansho ne zai zauna a kanta. Aka ba Malam Inuwa, ni kuma aka sauke ni a take, babu ko mai cewa a duba. Ofis ya bincika bai ga gonar da zan kai wa ruwa ba, maganar ta mutu a can, amma sunan bai mutu ba. Har yau in na shiga shago sai wani ya ce a rufe randa.

Bayan 'yan kwanaki Malam Inuwa ya yi min sallama a gida. Na ce, "Malam, da kun faɗa min tun farko ai da duk ba a yi haka ba." Ya ce, "Ta ina? Kai da ba ka taɓa zama a tabarmarmu ba, kullum kana tsaye kana danna waya. Mu ai ɗan leƙen asirin Ciyaman muka ɗauke ka." Ashe duk zargin da nake yi musu, su ma suna yi min nasu, kuma nasu ya fi nawa hujja.

Na ɗauka abin da ya kawo shi ke nan, sai ya gyara zama. Ya ce ranar da Baba ya kama ni ya koma gida da walwala, ya ci tuwo ya nemi ƙari, har ya kira 'yarsa da sunanta, abin da ya daɗe bai yi ba. Buɗe ƙofa yana faranta masa rai, amma ba kamar kama ɓarawo ba. Ya ce, "Mu mun tsufa, gwiwa ba ta durƙusuwa. Kai kuwa ka iya." Ya miƙo min fartanyar maƙwabcina da ya ɓoyo a buhu.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka wakilcin mutane, ka fara zama a tabarmarsu kafin ka je aron malafa. Yanzu duk ranar kasuwar Bunkure nakan sa tsohuwar rigata in je in tsuguna a ciyawa, sai dai mun matsa can ciki inda ba a hangowa daga hanya. Baba ya cafke ni, in durƙusa, in kwashi ƙasa, ya yi min faɗan na ƙarshen kanal. Daga nan ya dube ni da tausayi ya ce, "Je ka, ɗan nan, kada ka ƙara." Ni kuma in ce masa ba zan ƙara ba, mu rabu sai mako mai zuwa.