Tsakuwar Tsakar Gidan Iya Tasalla

"...Lafiya lau, sai dai gajiyar ganin fuskarki da sassafe. Ashe yau ma kin tashi?"

"Na tashi, ɗan nema. Sai na ga furfurarka tukuna. Yaya kwanan yunwa?"

Haka Idrisu da kakarsa Iya Tasalla suke gaisawa, wanda bai saba ba sai ya zaci rabon faɗa za a yi. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba. In tana cikin nishaɗi Maigida take ce masa, in ya taɓo ta kuwa ya koma Maigidan banza.

Tun shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu can wajen Kakangi take zaune gidan ɗanta Usman, mahaifin Idrisu, a cikin Birnin Gwari. Yanzu da daji ya lafa mutane suka fara komawa, tsohuwar nan ta kafe kai da fata sai ta kwana ɗakinta kafin damina. To amma tsakar gidan ta zaizaye, ruwa na kwanciya har ya shiga ɗaki, Usman kuwa ya rantse ba za ta koma ba sai an cike wurin da tsakuwa. Tifa sau ɗaya za ta shiga wannan hanya, don da ruwa ya zauna rafi ya kawo, shi ke nan sai baɗi. Masu fasa dutse kuma ba ruwansu da buhu ko kwano, da tan suke sayarwa. Abin da ya kawo Idrisu ke nan da waya a hannu, ya same ta bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"To Hajiyar ƙauye, tan nawa zan ce musu?"

"Biyu."

"Biyu? Haka kawai, sai ka ce mai sayen ƙosai? Wa ya auna miki?"

"Wa ya auna maka kunnuwan nan da suka fi ƙarfin kanka? Ni na auna."

"Da me? Ke da zare ma sai an zura miki a allura."

"Da idona da shekaruna, marar kunya. Tun ubanka bai san wando ba nake shanyar masara a tsakar gidan nan. Buhu ashirin in aka baje shi daga bakin zaure zuwa gindin rumbu, bango zuwa bango, rufe mini idon sawu yake yi. Ramin da ruwa ya ci kuwa, ranar da muka je dubawa na shiga na tsaya, daidai idon sawuna. Buhu ashirin ke nan, ko ka ƙi ko ka so."

A ransa Idrisu ya san awon nan ba shi da makusa, wallahi ko mai igiyar awo aka tura iyakar abin da zai dawo da shi ke nan. Amma ya yaba wa Iya a gabanta? Allah ya kiyaye, ai sai ta shekara tana yi masa gori.

"Na ji, buhu ashirin. To ina aka samo tan biyu?"

"Kai, Maigida, wane irin kai gare ka? Buhun masara kilo ɗari ne. Buhu goma tan guda, haka masu manyan motoci suke lissafi a kasuwa tun kana tsumma. Ashirin, biyu. Ko makarantar taka ba ta kai nan ba aka koro ka?"

"Af! Ashe masara za mu zuba miki a tsakar gida. Madalla. Kajin Kakangi kaf za su zo yi miki barka da dawowa."

"Tsakuwa na ce."

"To tsakuwa da masara nauyinsu ɗaya ne?"

"Buhu buhu ne."

"Buhun auduga ma buhu ne. In haɗa ki da shi a sikeli, wallahi shi zai rinjaye ki."

"Ni? Ni da na ɗauki buhun dawa a ka daga gona har gida, ina goye da ubanka, ina jaye da akuya?"

"Bara kin ce tunkiya ce."

"Akuya da tunkiya! Kai da tulun ruwa ya kayar a gaban 'yan mata, har kana da bakin magana?"

"Santsi ne ya kwashe ni."

"Santsi a watan bazara? Sannu, jarumi."

Idrisu ya ga in aka biye wa bakin Iya rana za ta take ba a kira kowa ba. Ya miƙe ya ɗauki tiyarta ta awo, ya fita ƙofar gida inda maƙwabci ya jibge tsakuwar gini, ya ciko ta fal ya juye a leda. Ya kwantar da turmi a tsakar gida, ya gitta wani katako a kansa har ya tsaya daidai, ya aza ledar a gefe guda. Katako ya dangwali ƙasa.

"Kawo masara, tsohuwa."

"Babu."

"Akwai. Tulun nan na ƙarƙashin gadonki da kike zaton ba wanda ya sani."

"La ila! Ashe ɓarawo nake aure. Wannan iri ne, ba abin wasan yara ba."

Gaskiyarta. Ranar da suka gudo, mutane na ɗaukar tukwane da katifu, ita 'yan zangarkun masarar marigayi ta ƙulle a bakin zane. Duk shekara take shuka su a ɗan lungun bayan gidan Usman don kada irin ya ɓace. Ta daɗe tana hararar jikan nata, sannan ta tashi da ƙyar ta jawo tulun, tana tafe tana mita.

"Ƙwaya ɗaya ta faɗi, sai na sayar da kai na biya."

"Wa zai saya? Kowa ya san kin riga kin lalata ni da ɗumame."

Ya auna tiya guda ta masara, ya zuba a wata leda, ya aza a ɗaya gefen. Katako ko gezau.

"Iya, kin ga buhu buhu ne ko?"

"Ka taka da ƙafa, na gan ka."

"Ga ƙafafuna nan, duka biyun, can nesa."

"To tsakuwar birni ce. Ta ƙoshi da shinkafa kamar ku. Ta ƙauye ba ta da wannan ƙiba."

"Daga dutse ɗaya aka faso su, Hajiya."

Ya ƙara tiya ta biyu. Katako ya yi rawa, gefen tsakuwa ya ɗaga, ya tsaya yana lilo, amma har yanzu shi ne ya ɗan fi yin ƙasa. Sai da Idrisu ya ƙara cikin tafi biyu sannan ya daidaita. Iya Tasalla ta matso ta duƙa, ta leƙa ƙarƙashin katakon ko an saka wani abu. Ta ɗaga ledar tsakuwa da hannu ɗaya, ta yi saurin ajiyewa tana yarfe hannu.

"Kai! Wannan abu ba shi da imani."

"Kin gani? Tiya ɗaya tasa, biyu da ɗoriya taki. In buhun masara kilo ɗari ne, buhun tsakuwa ya haura ɗari biyu. Buhu ashirin ɗinki yana nan daram, ban taɓa shi ba. Amma a bakin masu dutse ba tan biyu ba ne, huɗu ne da wani abu."

Tsohuwa ta koma tabarma ta zauna. Ta ɗauki gyaɗa ɗaya tana jujjuyawa, ba ta ɓare ba.

"Maigida."

"Na'am."

"Da biyun aka kawo fa?"

"Da rabin ramin ya cika. Ruwan farko ya shige miki ɗaki, Baba ya ce a kwaso ki a dawo da ke."

"Tifa kuma ba ta komawa."

"Sai baɗi."

"Baɗi," in ji ta a hankali. "Wa ya ba ni baɗi?"

Maganar ta soki Idrisu, tausayinta ya kama shi. Shi fa har ga Allah ba ya son ta tafi, don gidan nan in babu bakin Iya zai yi masa faɗi. Amma yana ganin yadda take zama da la'asar ta fuskanci hanyar Kakangi, kuma ya san tuwon birni bai taɓa yi mata daɗi ba. Bai bar fuskarsa ta nuna komai ba, ya danna lambar Nababa mai sayar da tsakuwa ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, Nababa. E, maganar tsakuwar nan ce ta ƙauye. Tan biyar za ka sa mana. Biyar, e. Ta wata tsohuwa ce da ta addabe mu, so muke mu rabu da ita."

"Allah ya shirye ka! Nababa, kada ka ji ta tasa, mijina ne, yunwa ke damunsa!" Ta ɗaga murya yadda za a ji a wayar. Da ya kashe ta kama bakin rigarsa. "Tsaya, ɗan nema. Huɗu da wani abu ka ce. Biyar ta mene ne? So kake ka tsiyata mini ɗa?"

"Tsakuwa in aka daddaɓe ta tana zama, dole a yi ƙari."

"Ragowar fa?"

"Ragowar tawa ce, na yi mata aiki."

"Wane aiki? Kai da ko akurkin kaji ba ka taɓa ginawa ba."

"Ajiye ta zan yi a bayan rumbu. Ranar da Allah ya taimake mu kika tafi, mu danne kabarinki da ita. In ba haka ba na san halinki, kwana biyu za ki taso ki ce ba a share tsakar gida ba."

Iya Tasalla ta kwashe da dariya har tana tari, har ɗankwali ya zame. Ta share ido da gefen zane, ta nuna shi da yatsa.

"Danne ni da tifa guda ma in ka ga dama. Ni dai a can ne, kusa da mai sunanka, ba a nan ba."

"A can ne, Iya."

"To shi ke nan, ka ci yau. Tsakuwa ta fi masara nauyi, na yarda. Amma kanka har gobe bai kai nauyin gyaɗar nan ba."

Ta jawo ledar masara ta mayar cikin tulu da tafin hannu, a hankali, ba ta bar ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Da ta zo kan tiya ta ƙarshe sai ta tsaya, ta ƙulle bakin ledar, ta tura masa.

"Ungo."

"Ladan aikina ke nan? Masara ɗanya? Ko gyaɗar ba za a haɗa ba?"

"Ba ta ci ba ce, hadamamme. Ka shuka a lungun bayan gida, inda nake shukawa. Ni na tafi da tawa. In ta yi, ka ɗauko zangarku biyu ka kawo mini in gani ko mijina ya iya noma."

"In ba ta yi ba fa?"

"Ka zo hannu biyu. Tsakar gida dai ta bushe, akwai wurin zama."