Hidaya Ta Zo Auna Burodin Badaru

"Lafiya lau muka kwana, sai ganinki da ya ɓata min safiya. Wa ya aiko ki?" in ji Badaru.

"Waɗanda suka ɓata sati biyu suna koya wa jaki karatu," in ji Hidaya, tana ajiye jakarta a kan benci.

Hidaya ma'aikaciya ce a cibiyar da ta horar da ma'aikatan wani gidan burodi a Chanchaga, wata uku da suka wuce. An turo ta ne ta duba ko horon ya yi amfani. Shugaban masu gasa burodin kuwa Badaru ne, taubashinta, ɗan gwaggonta. Mai gidan burodin ya riga ya gaya mata cewa in rahoto bai yi kyau ba, zai sauke shi ya ɗora wani. Abin ya tsaya mata a rai, amma ba ta bari ya gani ba.

"To, malam jaki, me ka koyo?"

"Ni na koya musu! Ga takardar shaidata can a bango."

"Takarda ba ta gasa burodi. An ce ku riƙa auna kwaɓi a sikeli. Kana yi?"

"Sikeli na ragwaye ne irinki. Hannun nan nawa, a unguwar Limawa har masu sai da zinare suna zuwa aronsa."

"Shi ya sa a da burodinka ke fitowa wani kamar matashin kai, wani kamar kunnen ɓera."

"Kin dai ci kin girma. Dubi kumatunki, duk fulawata ce."

"Gani ya kori ji. Miƙo min goma."

Ta fito da ƙaramin sikelinta, ta ɗora burodin ɗaya bayan ɗaya. Duk goman nauyinsu ya zo ɗaya. Ta saki numfashi a ɓoye.

Badaru ya daki ƙirji. "Kin gani? Baiwa ce. Da ita aka haife ni."

"Da ƙaton kai dai aka haife ka, gwaggo ta ba ni labari. Ga kwaɓi nan, yanko min uku da hannun baiwar."

"Yau hannun yana hutu."

"Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yanko!"

Ya yanko yana gunaguni. Ta auna. Na farko ya zarce, na biyu ya gaza, na uku ko kusa bai je ba.

"Sikelinki ɗan jabu ne."

"Shi ne ya yabe ka yanzun nan. Badaru, ramin ƙarya ƙurarre ne. In haka hannunka yake, wa ya daidaita goman can?"

Ya sosa ƙeya. Can ya sunkuya, ya jawo sikeli daga ƙarƙashin tebur, duk ya yi fari da fulawa.

"Kullum da shi nake aiki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da na hango ki ne na ɓoye shi. Ai ba zan bari ki ce kun koya min wani abu ba."

"Kai, Allah Ya shirye ka! Ka gwammace a sauke ka?"

"Me za ki rubuta?"

"Horo ya yi aiki. Jaki ya iya karatu."

"Cire jakin."

"Sai ka ce ni ce malamarka."

Badaru ya tuntsire da dariya. Ya zaɓo burodi mai zafi ya naɗe a takarda, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ungo, malama. Amma kada gwaggonki ta ji."