Furfurata da Farar Hular Baba

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaishe da mahaifin Hauwa a GRA ba. Na riga na ce wa yarinyar shekaruna talatin da biyu, ga shi furfura ta yi min sallama ta gefen kunnuwa. Na leƙa wurin mai askina a Gwallameji, shago a rufe. Sai dabara ta faɗo min: baƙar tawadar hatimi ta ofishinmu. Na dangwala da auduga na shafe furfurar tas (a madubi dai wallahi na yi kyau).

Aka kai ni falo, aka ce Baba yana salla. Na zauna, na tashi, na sake zama. Ga shi an ɗauke wuta, gumi sai karyo min yake. Can idona ya sauka kan wata farar hula a durowar gilashi. Hauwa ta sha ba ni labarinta: wani ɗan wasan barkwanci, abokin Baba tun firamare, shi ya sa ta a fim, ya kuma sa hannu da biro a cikinta kafin ya rasu. Ko ƙura ba a bari ta hau ta.

Me ya kai ni? Hoto ɗaya tak na so in ɗauka. Na kafa ta a ka, na karkata, na ɗauka, na cire. Sai ga bakinta ya yi baƙi ƙirin, tawada ɗanya shataf!

Na yi maza na goga da hankici, ta bazu. Na tofa yawu, ta ƙara bazuwa. Na tuna an ce turare yana cire tawada, na zaro na aljihuna na feshe ta. Ashe gaskiya ne, yana cirewa. Sa hannun marigayin ne ya fara narkewa, ina kallo.

"Salamu alaikum."

Baba ne. Na zube ƙasa, hula a bayana. Ya daɗe yana kallon fuskata.

"Ɗana," in ji shi, "kanka yana zuba."

Na shafa kumatu, hannu ya dawo baƙi. Ya dubi durowa a buɗe, ya miƙo hannu, na ba shi. Ya juya hular, ya nemi sunan abokinsa bai gani ba, ya ajiye ta a hankali. Da ma marina ya yi. Kunya ta kama ni, tausayinsa ya kama ni, na kuma cire rai da Hauwa.

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in da ɗaya, Baba."

"To je ka faɗa mata da bakinka. In ta yafe maka, ni ma na yafe hular."

Na je na faɗa mata. Sati uku ba ta ɗaga wayata ba, a na huɗu ta ɗaga. Yanzu 'ya'yanmu biyu, furfura kuwa na sakar mata kai ta yi yadda ta ga dama, kuma na daina taɓa abin da aka sa a gilashi. Hular tana nan da baƙinta. Duk baƙon da ya tambaya, sai Baba ya nuna ni ya ce, "Sa hannun surukina ne."