Minsharin Kaka a Filash

"Lafiya lau, mijin banza. Kai ne dai ban ga alamar ka tashi lafiya ba," in ji Kaka, tana shiga shagon hoton jikanta Dogo.

Jiya ta faki idonsa ta goge wani bidiyo daga kwamfutarsa: ita ce a kujera tana barci, baki wangame, ɗankwali ya zame. Bidiyon ya hana ta sakat, don duk jikan da ya leƙo shagon sai an nuna masa. Yau ta zo ganin yadda fuskar Dogo za ta yi.

"Amarya, ashe ke ce ɓarauniyar? Tsohuwar da ba ta iya kunna rediyo ba!"

"Ni ce. Har kwandon sharar na zazzage, sarai na ga yadda kake yi. Sai ka kai ni ƙara."

"Kin yi ƙoƙari, amma a banza." Ya zaro wani ɗan filash daga aljihu yana kaɗa mata. "Duk abin da ke kwamfutar nan yana da ɗan'uwa a nan. Ko yau ta ƙone, bakinki na nan a buɗe."

Kaka ba ta tsaya wata-wata ba, ta fizge filash ɗin ta ɗaga shi bisa kofin ruwan da ke kan tebur. Da gaske take, abin ya daɗe yana cin ranta.

"Zan ga ko ya iya iyo."

"Kaka, ki rufa mini asiri! Shi kaɗai ya rage!"

"Au, yau na zama Kaka? Ina amaryar?"

"Na sake ki, saki dubu! Mai minshari kamar injin niƙa."

"Ni? Ban taɓa minshari ba tun da aka haife ni. Kai ne mai wuya kamar mariƙin lema, shi ya sa 'yan mata ke tsallaka titi in sun hango ka."

"To mu kai shari'a gaban sifika. Da can kwamfutar ba ta da murya, yau na sayo mata. In babu minshari, da hannuna zan tsoma shi."

Ta miƙa masa tana harara. Ya soka filash ɗin, ya dawo da bidiyon, ya ƙure murya.

Minsharin ya cika shagon, har telan da ke maƙwabtaka ya tsayar da kekensa. Kaka ta buɗe baki za ta ce haɗi ne, sai wata dariya ta taso daga bayan kyamarar, dariyar tsoho mai haɗe da tari.

"Ku yi a hankali kada ku tashe ta," in ji muryar. "Ko a haka ta fi matan garin nan kyau."

Marigayi mijinta ne. Ashe shi ya ɗauka. Kewarsa ta taso mata, ta nemi kujera ta zauna.

"Maimaita."

Dogo ya maimaita. Ta share ido da bakin mayafi, sai kuma ta fashe da dariya.

"Tsohon maƙaryaci! Kai kuma me kake kallo? Na yarda, na yi minsharin." Ta ciro alewa ɗaya daga jaka ta jefa masa. "Ungo ladanka. Ka je ka sayo irin abin nan guda biyu, ɗaya a wurina zai riƙa kwana."