Tsohuwar Kwamfutar Sallau

A garin Ringim, bayan tasha, akwai wani ɗan gida mai ɗaki biyu da shago a gaba. Mutum biyu ne a cikinsa, Sallau da matarsa Hindatu, sai kaji, sai wata tsohuwar kwamfuta irin mai akwatin nan da ake girkewa a tebur. Yayan Sallau, Shu'aibu, ɗan kasuwa a Kano, shi ya saye ta tun yana saurayi. Da ya gaji da ita ya kawo wa ƙanensa, ya buɗe masa shago. Da ita Sallau ke buga katin biki da na suna, yana harhaɗa bidiyon aure.

Shi Sallau ba ya ƙara wa magana komai, ba ya rage mata. Abin da aka ce masa shi zai yi, daidai yadda aka faɗa. 'Yan unguwa dariya suke yi masa. Hindatu ba ta yi. Ita dai ta lura, tunda ta shigo gidan bai taɓa cewa zai yi mata abu ya fasa ba.

Sai dai kwamfutar ta tsufa. Bidiyon da wasu ke gamawa kafin azahar, ita wuni take tana nishi a kansa, har masu kawo aiki suka fara janyewa. Da Yaya Shu'aibu ya zo ya gani, sai ya ce, "Ƙarshen wata zan dawo da bidiyon bikin 'yar abokina. In na tarar tana wannan jan ƙafar, shago ya tashi. Ka bi ni Kano ka yi mini gadin sito, iyalinka kuma ta koma gidansu har a samu ɗaki."

Hindatu tana bayan labule, ta ji komai. Amma matar ƙane ba ta sa baki a gaban yayan miji. Da ya tafi ne ta ce a hankali, "Malam, ko za ka kira Injiniya Tasi'u?" Shi ne mai gyaran da ke zuwa garin duk ranar kasuwa.

Wata rana Injiniya ya zo, ya buɗe akwatin, ya yi salati. Ƙura da yanar gizo-gizo sun toshe ko'ina. Ya kwance abin da ke ajiye aiki a cikinta don ya kwashe ayyukan zuwa sabo mai sauri, ya ce, "Kafin in dawo ka tsaftace ta tas, kada in ga datti ko ɗigo." Sallau ya san hanya ɗaya da datti ke fita tas. Hindatu ta fito daga madafa ta tarar da kayan cikin kwamfuta a bahon wanki, kumfa har wuya, Sallau yana dirza su da soso. Aka kira Injiniya a waya, ya yi ihu har ita ma ta jiyo: "Kada ka kuskura ka sa mata wuta! Shanya ta a rana har in zo!" Kullum da hantsi Sallau ya shimfiɗa tabarma, ya jera kayan kusa da barkonon Hindatu, ya zauna da kara yana korar kaji. Da Injiniya ya dawo ya haɗa ta, ta tashi lafiya. Ya girgiza kai ya ce bai taɓa ganin tsohuwa mai tsafta kamarta ba.

Wata rana kuma Injiniya ya kawo sababbin ram, wasu 'yan sirara da ke taimaka mata riƙe aiki da yawa lokaci guda. Ya ce, "Jikin mutum yana ɗauke da wata 'yar wuta da ke lalata irin waɗannan. Duk wanda zai kusance ta, ya fara taɓa ƙarfe." Daga ranar ba wanda ya sake shiga shagon bai dafa ƙyauren ƙarfe ba. Wani dattijo ya zo buga katin sunan jikansa, Sallau ya tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, taɓa ƙyaure."

"Don me?"

"Akwai wuta a jikinka."

"Wuta a jikin wa? Kai ne dai mai wuta a ka!"

Amma ya taɓa. Kafin mako ya zagayo, matan unguwa na dafa ƙyauren ko wucewa kawai za su yi, wai maganin sanyin ƙashi ne.

Wata rana Injiniya ya aiko direba da sabuwar fanka da wani farin mai a 'yar roba. Ya kira ya ce a ɗiga man a kan furosesa, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke yi wa kwamfuta tunani, don ya riƙa janye mata zafi. "Kamar ƙwayar wake za ka sa."

"Babba ko ƙarama?"

"Matsakaiciya mana, Sallau!"

Sallau ya shiga gida ya juye waken da Hindatu za ta yi alala a faifai, ya zauna yana jera shi daga ƙarami zuwa babba don ya gano na tsakiya. Ranar ba a ci alala ba, gari suka jiƙa. Hindatu ta zauna kusa tana miƙa masa ƙwayoyin. Ta yi ta tunani a ranta: a Kano wa zai zauna ya miƙa masa wake? Can wani zai ce masa ya tsaya a bakin sito, ya manta da shi, shi kuwa ya tsaya har rana ta kayar da shi.

Wata rana Injiniya ya ce saura babban aiki, wato ƙara mata gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka saita. Ya nuna wa Sallau wani shuɗin shafi mai lambobi. "Wannan gudunta ne, wannan ƙarfin wutar da take sha. Na biyun ba ruwanka da shi. Na farkon ka ƙara ɗaya, ka ba ta aiki, ka saurare ta. In ta jure, gobe ka ƙara ɗaya. Tsohuwa ce, lallaɓa ta ake yi. In kuwa ka ji ƙauri, kada ka tambayi kowa, kada ka jira kowa, zare waya daga bango." Sallau ya kafa kunne a jikin akwatin, wuni guda. Wanda ya yi sallama ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, zakara ya yi cara ya harare shi. Gidan ya yi tsit har Hindatu ma, tana tsintar shinkafa a bayan bango, ta haddace kukan fankar: yadda take gurnani in tana hutawa, da yadda take ɗan ɗaga murya in aiki ya yi nauyi.

Wata rana, ranar kasuwa a ƙarshen wata, Yaya Shu'aibu ya iso da bidiyonsa. Hindatu ta ɗora shinkafa da wake, ta zo bayan labule ta tsaya. Aka sa aiki. Kwamfuta ta kama tafiya, ta fi yadda take a da sauri nesa ba kusa ba, amma Yaya ba mai haƙuri ba ne.

"Matsa in gani. Na san kayata."

Ya buɗe shuɗin shafin, ya tura lambobin biyu sama har inda suka ƙare.

"Yaya, Injiniya ya ce ɗaya."

"Injiniya ne ya saye ta ko ni?"

Ba a taɓa gaya wa Sallau abin da zai yi in aka tambaye shi haka ba, sai ya mayar da kunne jikin akwati. Fanka ta fara wani kuka siriri, mai tsini, wanda Hindatu ba ta taɓa ji ba. Ta san ba lafiya. Sallau ma yana ji, amma saurare aka ce ya yi, kuma sauraren yake. Ta buɗe baki, kunya ta riƙe mata harshe. A lokacin hancinta ya gaya mata shinkafa ta fara kamawa. Ta ɗaga ƙafa za ta ruga madafa, sai ta tuna abin da Injiniya ya ce a kan ƙauri, ta tsaya. Ta dubi tukunya, ta dubi labule, ta mayar da ƙafarta inda take.

Ƙauri ya ratsa tsakar gida ya shiga shago. Sallau ya shaƙa sau ɗaya, ya yi tsalle ya fizge waya daga bango. Allo ya yi baƙi, aiki ya tafi.

"Kai wane irin mutum ne!" Yaya ya daka tsawa. "Shinkafa ce ke ƙonewa a gidanka! Ina ruwan kwamfuta da tukunya? Haɗa kayanka, yau za mu wuce!" Ya janye murfin akwatin ya cusa hannu don ya nuna masa ba abin da ya same ta. Nan take ya fizgo hannun yana yarfewa, ƙarfen ciki ya ƙona shi.

"Yaya, ba ka taɓa ƙarfe ba."

"Na taɓa!" in ji Yaya, yatsa a baki.

Aka kira Injiniya daga kasuwa. Ya jira ta huce, ya kunna, ya ga inda lambobin suke, ya dafe kai. "Wa ya yi wannan? Da ta ƙara ɗan jimawa a haka, da sai dai a sayar da ita a gwangwan." Ya mayar da su inda Sallau ya tsaya, aka sake sa aikin. Kafin a kira la'asar bidiyo ya kammala.

Yaya Shu'aibu ya ci shinkafar nan mai ƙauri, kansa a ƙasa, bai bar ko loma ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin shago ya jima yana kallon ƙanensa. "Zauna a shagonka," ya ce. "Ɗaya-ɗayan nan, ci gaba da ita." Ya ɗan ɗaga murya wajen labule. "A gaya wa mai girki abinci ya yi daɗi." Ya dafa ƙyaure ya fita.

Sallau ya shigo tsakar gida ya tarar da Hindatu a durƙushe tana kankare ƙanzo.

"Yaya ya ce ta yi daɗi. Ki riƙa yi mana irinta kullum."

"To, Malam," ta ce, ta sunkuyar da kai don kada ya ga fuskarta. Ta bayan bango tana jin tsohuwar tana gurnaninta a hankali.