Ramukan Farfesa Tsit

"Wai shi ya ƙirƙiro allon nan?"

"Shi dai ya tsaya kusa da shi aka ɗauki hoto."

"To ai ƙirƙira ke nan."

Masu wannan hira a bakin famfon cibiyar bincike ba su san darajar manya ba. Farfesa Tsit ba ƙaramin masani ba ne. Shekara ashirin yana yaƙi da hayaniya, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a taro zai shaida cewa bai taɓa yin shiru a kan wannan batu ba. Ko atishawa zai yi sai ya yi gabatarwa.

Allon da ake magana a kai fale-falen roba ne ɗari biyu da ake jerawa a bango, kowane da raminsa, wani mai zurfi, wani ɗan kaɗan. Injiniyar ɗakin gwaji ta yi wata tara tana lissafin inda kowane zai zauna. In sauti ya bugi allon, kowane rami ya kama nasa ya cilla shi wani gefe daban, sai magana ta tarwatse kafin ta kai kunnen kowa.

Da aka kafa shi a ofishin Farfesa, sai ransa ya ɓaci. Ga babban rami, ga wani ɗan mitsitsi a gefensa, babu ladabi babu tsari.

"A cibiyar da nake shirin shugabanta," in ji shi, "ƙaramin rami ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da babba ba. Mafi zurfi a tsakiya, saura su kewaye shi bisa muƙami."

Injiniya ta ce ranka ya daɗe, in aka yi haka allon zai daina watsa sauti, zai tattara shi wuri guda. Ya tausaya mata ƙwarai. Ya ce ita karatu ta yi, shi kuwa baiwa ce da shi. Haka aka sake jera ramukan yadda ya so.

Ranar Talata kwamitin mutum uku ya zo zaɓen sabon shugaban cibiya: wata dattijuwa mai tabarau, wani dogo, da wani mai sanƙo. Farfesa, wanda ya riga ya sa an auna masa kujerar shugaban, ya zaunar da su a bencin baranda, daidai ƙarƙashin 'yar tagar da ke saman ƙofarsa.

"Zan shiga in rufe ƙofa in yi magana minti biyar. Abin da za ku ji, jama'a, shi ne shirun da kimiyya ba ta taɓa jin irinsa ba."

Ya shiga. Da fari suka ji ya cire takalmi, ɗaya bayan ɗaya. Suka ji cikinsa ya yi ƙugi, tas kamar a rediyo. Sannan ya kira uwargida a waya. Ya ce mata ta fara gayyatar mutane, kujera ta zama tasa. Ta tambaye shi yadda allon ke aiki, ya ce oho, yarinyar nan ce ta san kan ramukanta, shi dai ya gyara musu zama. Ya ce dattijuwar kwamitin tun da ta zo take gyaɗa kai kamar ƙadangare, ba ta fahimci ko alif ba, kuma turarenta zai iya kashe sauron unguwa guda. Nan batirin wayarsa ya mutu.

Injiniya tana tsaye a ƙarshen baranda, ta cusa gefen mayafinta a baki.

Farfesa ya buɗe ƙofa yana murmushi, ya baza hannuwa yana jiran tafi. Dattijuwar ta cire tabarau, ta goge, ta ciro wayarta daga jaka ta miƙa masa.

"Farfesa, don Allah ari tawa ka sake kiran uwargidan. A kaina ka tsaya, ga abokan aikina biyu sun ƙosa su ji nasu."