Diddigen Mushe

Tsufa ya kwashe mini haƙora da sunayen rabin jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Faransancina ya kai ni ya baro ba.

Ku sani, ni na shiga lakwal, makarantar boko. Ban daɗe ba (an ce kaina ya fi dacewa da gona), amma abin da na ɗebo ya isa a garinmu, nan kusa da Dogarawa, a riƙa ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci. In baƙon gwamnati ya zo, ni ake turawa in gaishe shi da bonjur.

Bayan girbi na taka kututturen karan dawa, tsininsa ya shige mini diddige. Ɗan rami ne ƙarami. Na cusa masa toka, na ɗaure da tsumma, na umurce shi ya warke. Bai ji ba. Da zogi ya yi zogi, taubashina Ɗan Jimma ya aza ni bisa amalanke sai likita.

Muka tarar da sabuwar majo mai duba marasa lafiya, yarinya 'yar Yamai, Hausarta ba ta nuna ba tukuna. Ta ce a kira mai gadi ya yi tafinta.

"Bar shi shi huta," na ce. "Ga Mushe zaune."

"Tsoho, bari a kira shi," in ji Ɗan Jimma. "Nasarancin ga naka ya yi tsatsa."

Na share shi, na gyara murya, na ce bonjur madam. Ta ji daɗi, ta sako magana kamar ruwan tsakiyar damina. Cikin duka kalma biyu na cafke: pikir, wato allura, sai kuma "talo". To ni pantalo na sani, wando. Allura, wando. Ai magana ta fito.

Tana juyawa ɗaukar kaya na miƙe da ƙafa guda, na ba ta baya, na tattare riga, na ja mazagi. Wandon kuwa mai faɗin nan ne, bai tsaya shawara a gwiwa ba.

Ta juyo da kwanon ruwa da sabulu, ta ƙame. Ƙofa a buɗe, mata masu awon ciki jere bisa benci.

"Baba," ta ce da 'yar Hausarta, "ƙafa. Talo, ƙafa."

Ashe talo diddige ne.

"Mushe," in ji Ɗan Jimma a natse, "can ma karan ya soke ka?"

Ta wanke ramin da ruwa da sabulu, ta kwashe tokata tana girgiza kai, ta ciro ɗan silin kara, ta naɗe da bandeji. Ta ce (ta bakin mai gadi yanzu) in sa takalmi, in wurin ya kumbura ko ya tara ruwa in komo. Allurar ma, don ƙarin wulaƙanci, a dantse aka yi ta.

Labari ya riga amalanke isa gida. Ƙafa ta warke sumul. Sunan ne dai, Mushe Pantalo, har yau ba a samo maganinsa ba.

Don haka, jama'a, in abu ya soke ku, ku wanke da sabulu, ku bar toka cikin murhu, ku tafi likita. In kuwa aka yi muku yaren da kuka ji rabinsa, ku riƙe mazagi da kyau har tafinta ya iso.